Ta ina mai koyon binciken shaidar kwamfuta zai fara?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi ta inda ya kamata mai son koyon tattara shaida daga kwamfuta ya fara, da kuma ko sai ya mallaki manhaja mai tsada irin EnCase. A shekarun da na yi a wannan aiki, na lura masu koyo sun fi ɗokin tono fayilolin da aka goge, alhali kuwa yawancin binciken da ke rushewa a kotu tun wajen ɗaukar shaidar yake samun tangarɗa.

Ka fara da koyon kwafe faifai ba tare da ka sauya komai a asalinsa ba. Kunna kwamfutar kawai ya isa ya canza fayiloli da lokutan da ke jikinsu, shi ya sa ake cire faifan, a haɗa shi ta na'urar hana rubutu, sannan a kwafe shi ɗungurungum, har da guraben da tsarin kwamfutar ke ɗauka babu komai a cikinsu, domin a nan ragowar abin da aka goge take kwance. Manhajar FTK Imager tana yin wannan kyauta, haka ma umarnin dd a tsarin Linux. Bayan haka a lissafa lambar hatimi (hash, wato lambar da ake fitarwa daga dukan abin da ke cikin faifai) ta asali da ta kwafin, idan sun zo daidai an tabbatar babu abin da ya ragu ko ya ƙaru. Tun 2004 aka nuna raunin MD5, ɗaya daga cikin hanyoyin lissafa wannan lamba, don haka ni ina haɗa shi da wata hanyar, SHA-256. Daga nan a rufe asalin, aiki ya koma kan kwafi.

Idan ka tarar da kwamfutar a kunne, kada ka yi gaggawar zare mata wuta. Abin da ke cikin RAM, wato ma'ajin wucin gadi na kwamfuta, kamar manhajojin da ke gudana da makullin buɗe faifan da aka kulle da BitLocker, yana ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke. Takardar jagorar tattara shaida mai suna RFC 3227 ta shekarar 2002 ta shimfiɗa ƙa'idar a fara ɗaukar abin da ya fi saurin gushewa, kuma da manhajar Volatility ake nazarin abin da aka ɗauko daga RAM. Faifan SSD kuwa yakan share abin da aka goge da kansa saboda umarnin TRIM, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin dawo da komai.

Rubuta bayani shi ne abin da masu koyo suka fi rainawa, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Wanda ya karɓi na'urar, da lokacin, da wurin da aka ajiye ta, da duk hannun da ta bi, wajibi ne su kasance a rubuce, domin lauyan wanda ake tuhuma giɓin da ke nan yake fara nema.

Wajen nazari, manhajar Autopsy ta ishe ka ba sai EnCase ba, amma kada ka amince da sakamakonta alhali ba ka san yadda NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows, ke adana bayanan kowane fayil a babban teburinsa mai suna MFT ba. Ka kula da agogo ƙwarai: NTFS yana rubuta lokaci da ma'aunin UTC na duniya baki ɗaya, tsohon tsarin FAT kuma da lokacin wurin da na'urar take, kuma saɓanin awa ɗaya yana iya juya jerin abubuwan da suka faru. Sannan shaida takan nuna asusun da aka yi amfani da shi ne, ba lallai ta nuna wanda ya zauna gaban kwamfutar ba.

Don gwaji, hukumar NIST ta Amurka tana da kwafin faifai na koyo a rumbunta na CFReDS. Ka kuma ɗauki filashinka, ka zuba fayiloli, ka goge wasu kana rubuta lokacin kowane mataki, sannan ka kwafe shi ka gwada abin da ka samo da abin da ka rubuta. Na'urar wani kuwa kada ka taɓa ta sai da rubutaccen izinin mai ita ko umarnin kotu.