Amsa kan uwar labari mai cewa "ɗana ba zai aikata ba"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko gajerun labaran da ke nuna iyaye sun yarda da 'ya'yansu ido rufe gaskiya suke faɗa, ko marubuta ne ke ƙara gishiri. Ni malamar makaranta ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, na daɗe ina zama da iyaye a kan maganar yaransu, kuma ina bin labaran nan, daga na manhajar Wattpad har na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016.

Da yawansu zubinsu ɗaya: maƙwabciya ta kawo ƙara, uwa ta ce hassada ce, ta kore ta. Ran da jandarmomi suka buga ƙofa, ko ciki ya fito, sai ta yanke jiki ta faɗi. Yana faruwa, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne ana mai da uwar sakarya, alhali iyayen da nake gani ba sakarkaru ba ne.

A nan wajenmu yaro ne idon gida. Takardar sakamako da Faransanci take zuwa, maki bisa 20, sai da 10 ake cewa an ci. Uba ya sauke Alƙur'ani, lissafin kasuwa a kansa yake, amma boko bai yi ba. Wa zai karanta masa? Yaron nan dai da ya samo maki 7, shi zai ce "Baba, lafiya lau." Mu rubuta takardar kiran iyaye, shi zai fassara. Na taɓa ganin yaron da ya ɗauko ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya ce kawunsa ne, mutumin har da tsawa da zare ido. Uban gaske bai san komai ba sai da sakamakon BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito babu sunan ɗansa. Wannan bawan Allah ba shi da wata hanya ne, kuma ba kasafai nake ganin irinsa a labari ba.

Sannan akwai uwar da ta sani sarai. Ta ga jan ido, ta tsinci kwalin tramol a aljihu ranar wanki. Amma a tsakar gida, kishiya na kasa kunne, me kike so ta ce wa mai kawo ƙara? Rufin asiri take yi, tana tsoron kada maigida ya ji ya kore shi, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ɗan fari ne ga alkunya, ko sunansa ba ta kira, balle ta titsiye shi. In kuwa shi ke kawo cefane daga sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a bakin titi, tambayar "ina ka samu?" tana da nauyi a baki.

Idan za ki rubuta naki, ki bar uwar ta musa a gaban mutane, sannan ki shigar da mu ɗaki mu ji abin da take gaya wa yaron. Uban ma ki fito da shi. A labaran nan kullum ya tafi fatauci, sai a shafin ƙarshe ya dawo ya nuna ta da yatsa ya ce ita ta lalata shi, marubuciya kuma ta ƙyale shi ya tafi ba wanda ya tambaye shi inda yake duk shekarun nan.