Likita, me ke kashe mini 'yan tsaki da marka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kajin gida a bayan ɗakina a Funtuwa, manya 14 da 'yan tsakinsu. Da rani lafiya lau, amma tun da marka ta sauka sai in tarar da 'yan tsakin sun takure, fukafukai a zube, wasu na kashi da jini-jini. Bakwai sun mutu cikin mako biyu. Na jiƙa musu kafso ja da yalo da barkono, shiru. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Kafin ki sake sayen wani magani, ki shiga akurkin da sassafe ki damƙi shimfiɗar da suke kwana a kai, ki matse a hannu. In kin buɗe hannun ta watse, madalla. In ta dunƙule kamar ƙwallon fura, ko zarni ya bugi hancinki har idonki ya yi yaji, to kin gano inda gizo ke saƙa.

Alamomin da kika lissafa sun fi kama da zawon jini, wanda mu likitoci ke kira koksidiyosis. Wata ƙwayar halitta ce ke shiga hanjin kaza ta yi ta ɓarna. Ƙwanta yana fitowa cikin kashi, kuma a busasshen wuri ba ya yin ƙarfi. Amma da ya samu danshi da ɗumi, kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna, ɗan tsako ya tsince shi tare da tsaba. Shi ya sa rani ya wuce ba ki ga komai ba. Manyan kaji sun saba da ita, suna yawo da ita lafiyarsu ƙalau suna zubar wa ƙanana. 'Yan mako uku zuwa shida su ke shan wuya.

Wannan kafso da ake ɓarewa a zuba a ruwa, gaskiya ba na goyon bayansa. Ba awo, ba lissafin kwanaki, sai koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Barkono kuwa a bar wa miya. Ki je shagon magungunan dabbobi ki nemi Amprolium, ki bi awon da ke jikin ledar, a ruwan sha kwana biyar zuwa bakwai, kuma kada su samu wani ruwan sai shi. Kada ki haɗa da bitamin a waɗannan kwanakin, domin maganin yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar samun bitamin B1. Bayan an gama sai ki ba su. In wani ya sake mutuwa, ki kai shi asibitin dabbobi da ɗuminsa a buɗe hanjin a tabbatar, don cutar Gumboro, mai karya garkuwar jikin kaji, ita ma tana kama 'yan tsaki a waɗannan makonnin.

Sai dai magani ba zai yi tasiri ba muddin ƙasan akurkin na jiƙe. Ki kwashe tsohuwar shimfiɗar kaf ki kai gona, ki barbaɗa toka, ki zuba ɓuntun shinkafa ko ɓawon katako na wurin kafinta, kaurin kamar yatsu huɗu. In ruwa na kwanciya a tsakar gidan, a yi wa akurkin dakali ko a ɗora shi kan bulo, a haƙa 'yar lambatu ta bayansa. Mazubin ruwan sha shi ma a ɗora shi kan bulo, don sau da yawa ba rufin akurkin ke yoyo ba, kajin ne ke kifar da ruwa. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a naɗe akurki da leda ko'ina wai don sanyi. Numfashinsu da kashinsu sai su zama raɓa a ciki. Ki tare gefen da feshin ruwa ke shigowa kawai, ki bar sama iska na wucewa.

Ɗan tsakon da gashinsa bai gama fitowa ba ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Bin uwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da asuba kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Ki kife su da uwar a kwando har hantsi ya ɗaga.

Ki kuma shinshina dusarki. In ta yi curi-curi ko tana warin hunhuna, zubar da ita, kada ki ce kin yi asara. Gubar da ke cikin masara ko tunkuzar da ta yi hunhuna tana lalata hanta, kuma shanya ba ta kashe ta. Buhu kan katako, nesa da bango.

Tun da ga sauro ya yi yawa, ki sa ido a kan tukkunsu da gefen ido, don shi ke yaɗa ƙyandar kaji, mai fito musu da ƙuraje a waɗannan wuraren. Akwai rigakafinta. Ga kuma cutar Niyukasil da ke share gida idan hunturu ya shigo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. Ki bari waɗannan su warware tukuna, don ba a yi wa kaza maras lafiya rigakafi, sannan ki tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku kafin ruwa ya ɗauke.