Wane ne Willy Vandersteen?

Ga mai tambayar da ya nemi sanin dalilin da ya sa ake girmama Willy Vandersteen a yankin Flanders na Beljiyam, amsar tana cikin littattafan labarai masu zane da ya bari. An haife shi a birnin Antwerp a 1913, ya rasu a 1990. A 1945 ya fara fitar da labarin da ya zama Suske en Wiske a jarida, kuma har yau ana buga shi.

Daga 1948 ya yi wa mujallar Tintin aiki, inda ya gyara salon zanensa ya ƙara masa tsafta. A ganina, babban gadonsa shi ne ɗakin zanen da ya kafa, domin a nan ya horar da matasa, har ya miƙa wa Paul Geerts, ɗaya daga cikin masu zane a ɗakin, ragamar labarin Suske en Wiske a 1974.

Sai dai tarihinsa na da tabo, domin a 2010 bincike ya tabbatar cewa ya yi zanen ƙyamar Yahudawa da sunan ɓoye Kaproen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.