Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Hoton Bugun Katako na Japan

Tambaya: Na ga ana tallata hoton nan na babbar igiyar teku, wanda Hokusai ya zana, a kan kuɗi kaɗan, kuma mai sayarwar ya ce na asali ne. Ina sha'awar fara tara irin waɗannan hotuna, to ta yaya zan bambance na gaske da na kwaikwayo? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, kafin a yi maganar saye, ya kamata ki san cewa waɗannan hotuna, waɗanda Japanawa ke kira ukiyo-e, tun farko ba a yi su don su zama ƙwaya ɗaya tilo ba. A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, mai wallafawa ne ke ɗaukar nauyin aikin, mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kan allon katako ya sassaƙe, sannan mai bugu ya shafa launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Kowane launi yana da nasa allon, kuma ana iya buga ɗaruruwa ko dubbai daga allunan nan, shi ya sa talakan birni ma yake iya saye. Saboda haka idan masana suka ce hoto na asali ne, suna nufin an buga shi da allunan farko a zamanin da aka yi su.

Hoton da kika ambata ya fito ne wajen 1831, a cikin jerin hotunan Dutsen Fuji, kuma a 2023 an sayar da kwafi ɗaya a gwanjon Christie's a Amurka kan sama da dala miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa abin da aka tallata miki da araha ba bugun farko ba ne.

Amma na kwaikwayon ma iri biyu ne, kuma a nan ne nake so ki natsu. Akwai wanda inji ya buga, wanda idan kika duba shi da gilashin ƙara girma za ki ga ɗigo-ɗigon tawada a jere, bayansa kuma fari fat. Akwai kuma wanda aka sake sassaƙa masa sababbin alluna aka buga da hannu, kamar yadda cibiyar Adachi da ke Tokiyo take yi, kuma ba ta ɓoye cewa sabon bugu ne. Irin wannan idan kika juya shi za ki ga launi ya ratsa takardar, da sawun murzar baren. A ganina shi ne mafi dacewa ga mai farawa, domin da shi ido ke koyon yadda shuɗi ke sauka a hankali daga duhu zuwa haske, abin da hoton waya ba ya iya nunawa sosai.

Idan kuma tsohon bugu kike so, ki nemi ayyukan Kunisada, wanda ya rasu a 1865 bayan ya bar dubban hotunan 'yan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan), waɗanda yawansu ya sa kuɗinsu bai kai na Hokusai ko Hiroshige, wani shahararren mai zanen, ba. Ki duba hatimin mai wallafawa da na masu tace hotuna, wanda hukuma ta wajabta tun wajen 1790, domin yana taimakawa wajen gane lokacin bugu. Ki lura da layukan zanen, saboda allo yana cinyewa da yawan aiki, sai layin da ya fito siriri a bugun farko ya yi kauri ko ya tsinke a na baya. Kada ki biya kuɗi sai an nuna miki hoton gaba da baya.

Tambaya: Na samu ɗaya kyauta daga Japan. Zan iya rataye shi a falo? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, za ka iya, amma ba inda rana ke bugawa ba, domin yawancin tsofaffin launukan daga tsirrai aka samo su, kuma ja da ruwan hoda suna saurin koɗewa, wanda ya koɗe kuwa ba ya dawowa. Kada ka manna masa salatif ko gam, kuma kada takardar ta taɓa gilashin firam ɗin. A ƙasarmu danshin damina yana kawo masa tabo, gara kuma ba ta raga wa takarda, don haka idan tsoho ne ya fi kyau ka shimfiɗa shi a tsakanin takardu marasa sinadarin asid, a cikin akwati mai nisa da bango da ƙasa, ka riƙa fito da shi lokaci zuwa lokaci kana dubawa.