Ku Tambayi Mai Zane: "Katun ɗina ya yi kama da tallan alawa"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina koyon haɗa katun da kwamfutar yayana. Na yi wani ɗan fim na minti 3 a kan wata yarinya da ke zuwa tashar mota kullum da yamma tana jiran babanta, direban tirela da ya tafi Legas bai dawo ba. Ni da nake haɗawa har ƙwalla na yi. Amma da na nuna wa ƙawayena sai suka ce ya yi kyau, kamar tallan alawa. Sama shuɗi na yi, motoci ja da rawaya, kowa da kaya masu haske. Ina na kauce? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ji haushin ƙawayenki, sun yi miki gyara ne kyauta. Na kalli fim ɗin da kika turo har sau uku. Labarin ya tsayu, motsin yarinyar ma ba laifi, musamman yadda take ɗaga dunduniya duk lokacin da ta ji kukan babbar mota. Launi ne ya kayar da ke. Yarinya tana cikin kewa, tashar kuma ta yi ado kamar ranar hawan sallah. Ido kuwa launi yake fara gani kafin ya kai ga fuska.

Akwai wani gajeren katun da ya kamata ki nema, don labarinsa ɗan uwan naki ne: Father and Daughter na Michael Dudok de Wit, mutumin ƙasar Holan, wanda ya fito a 2000 ya kuma ci kyautar Oscar a 2001. Uba ya yi sallama da 'yarsa a bakin ruwa, ya shiga kwalekwale ya tafi. Ita kuma ta riƙa dawowa wurin a kan keke, tun tana ƙarama har ta tsufa. Minti 8 ne, ba wanda ya ce uffan. Launin duka bai wuce ruwan ƙasa da baƙi da ɗan fari-fari ba, kamar tsohon hoton da aka ciro daga ƙasan adaka. Kafin a gaya miki komai, jikinki ya riga ya ba ki cewa abin da ya wuce ake tunawa.

Ba cewa nake ki kwafe shi ba. Ke kina da abin da shi ba shi da shi: hunturu. Ki fita tashar da kika zana a watan Disamba da misalin ƙarfe biyar ki duba da kyau. Samaniya ba shuɗiya ba ce, ruwan toka ce mai sirkin ƙasa. Rana ta zama kamar faifai, kina iya kallonta ido da ido. Hazo ya cinye ƙarshen titi, jan motar ma ya koɗe saboda ƙura. Wannan shi ne launin jira, kuma a ƙofar gidanku yake.

Ni ban yarda da jadawalin nan da ake yawo da shi ba, wai ja fushi, shuɗi baƙin ciki, fari farin ciki. A wurinmu fari shi ne kaftanin Juma'a, shi ne kuma likkafani. Ja jini ne, amma lallen amarya ma ja ne. Dubi ma yadda muke kiran launuka: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan hoda. Kowane da abin da aka jingina shi da shi. To a fim ma haka ne, launi yana samun ma'ana daga abin da yake jiki da kuma launin da ya gabace shi. In kin riƙe mai kallo cikin ƙura na minti biyu da rabi, ranar da fitilar tirela ta ɓullo daga cikin hazo da haskenta ruwan ɗorawa, sai ya ji ta har ƙirji. In kuwa tun farko kowace mota rawaya ce, kin kashe kuɗinki tun kafin kasuwa ta ci. Paperman na kamfanin Disney, na 2012, haka ya yi: fari da baƙi ne gaba ɗaya, ban da jan janbakin budurwar, wanda ya bar shaida a kan takarda.

Ga aikin da zan ba ki. Kafin ki sake taɓa kwamfuta, yanki takarda gida 12, kowanne kamar girman kwalin ashana. Kowane gida fage ɗaya ne na fim ɗin. Kada ki zana fuska ko hanci, launi kawai za ki shafa. Jera su a tabarma ki ja baya. In kin ga inda zuciya ta yi nauyi da inda ta sake daga nesa, kin kama hanya. A kamfanin katun na Pixar, Ralph Eggleston ya yi irin wannan jerin da allin launi don Toy Story na 1995, kuma abin ya zame musu al'ada. Launi uku sun ishe ki, na huɗu ki ɓoye shi sai ƙarshe.

Sai kuma dare, tunda fagenki na ƙarshe bayan magariba ne. Na taɓa yi wa wata ƙungiya katun na faɗakarwa, na shafa wa fagen dare baƙi ƙirin. A ɗakina ya yi kyau. Da aka tura wa mutane a waya suka kalla a tsakar gida da rana, ba su ga komai ba sai fuskokinsu a gilashi. Tun ranar nake yin dare da shuɗi mai duhu, irin na rinin Ƙofar Mata. Ki kuma mayar da hotunanki fari da baƙi ki gwada: in yarinyar ta ɓace a jikin bango, to haskensu ɗaya ne, ko da launinsu ya bambanta.

Tambaya: Malam, kwamfutata tsohuwa ce, da na fara saka launi sai ta tsaya cak. In haƙura? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Haƙura kuma, ƙanena? Moustapha Alassane, ɗan ƙasarku da ya rasu a 2015, ya yi Bon Voyage Sim a 1966 da zanen layi fari da baƙi, kwaɗi ne ma 'yan wasansa, ya zolayi shagalin tafiye-tafiyen shugabanni. Sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce. Rage girman hoton, ka yi zane 12 a daƙiƙa maimakon 24, ka fara da fim na minti ɗaya. In ka gama ka turo mini in gani.