Amsa kan taurin fatar ƙeya da baya ga mai ciwon sukari

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka bayyana, wato fatar ƙeyarsa da kafaɗunsa da saman bayansa ta yi kauri da tauri har waiwaye yana yi masa wuya, ya yi kama da cutar da likitoci ke kira sikilaridima. Ba kasafai ake ganinta ba, kuma ta fi kama maza masu ƙiba waɗanda suka daɗe da ciwon sukarin da bai daidaita ba, domin yawan sukari yana sa sinadarin kolajin, wanda ke ba fata ƙarfi, ya taru da yawa a cikinta.

Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya ga likita, saboda sai an ɗebi ɗan yankin fatar an duba kafin a tabbatar. Daidaita sukari wajibi ne, ko da yake shi kaɗai ba lallai ya sassauta fatar ba. Wasu suna samun sauƙi da gashin hasken UVA1, wani haske na musamman da ake haska fata da shi a asibiti, kuma atisayen wuya da kafaɗa yana hana su sanƙarewa.

Ina roƙonka, kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga a wurin, domin raunin mai ciwon sukari yana jinkirin warkewa.