Amsoshin tambayoyinku: karatun mekatironiks da kayan da ɗalibi zai saya

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato digirin injiniyan mekatironiks, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wata uwa ta rubuto: "Ɗana ya samu gurbin karatun mekatironiks, ni ban ma san me ake koya a ciki ba, kuma wasu sun ce min kwas ne mara alƙibla, an tsakuro nan an tsakuro can. Hankalina ya ƙi kwanciya."

Hajiya ki kwantar da hankalinki, Allah ya sanya albarka a karatun. Ki dubi injin wanki mai sarrafa kansa: akwai gangar da ke juyawa, akwai injin lantarkin da ke juya ta wanda ake cewa moto, akwai sensa da ke auna yawan ruwa da zafinsa, sai 'yar ƙaramar kwamfuta da ke yanke hukuncin yaushe za a juya yaushe za a tsaya. Wanda zai iya haɗa waɗannan su yi aiki tare shi ake horar da ɗanki ya zama. Kwas ɗin ba sabo ba ne, tun 1969 wani injiniyan kamfanin Yaskawa na Japan, Tetsuro Mori, ya raɗa masa suna.

Tsawon karatun ya danganta da ƙasa, Amurka shekara 4, yawancin Turai 3, wasu ƙasashen 5, amma tsarin kusan ɗaya ne. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri da zanen injiniya da koyon rubuta firogiram, galibi da C ko Python, galibi ba zai fara aiki da robot ba tukuna kuma kar wannan ya dame shi. Ta biyu a shiga ƙarfin ƙarafa da yadda suke ɗaukar nauyi, motsin abubuwa, zafi da gudun ruwa, da'irar lantarki da dokokin Ohm da Kirchhoff, ga aikin hannu a wokshof. A ta uku ne kwas ɗin ke fito da fuskarsa ta gaske: sensa, moto iri-iri, ƙananan kwamfutocin da ake dasawa cikin na'ura, da uwa uba kwantirol, wato ilimin sa na'ura ta riƙa daidaita aikinta da kanta. Ƙarshe sai robot, PLC da ke tafiyar da injunan masana'anta, injin yankan ƙarfe na CNC, na'urorin da ke aiki da matsin iska ko na mai, zaman koyon aiki a kamfani, da firojet na kammalawa.

Masu cewa tsakure ne suna da 'yar gaskiya, ba zai kai ɗan makanikal zurfi a ilimin zafi ba, ba zai kai ɗan ilektirikal sanin manyan layukan wuta ba. Abin da nake so ki bincika da kanki shi ne ko hukumar tantance karatun injiniya ta ƙasarku ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, kuma ko akwai lab mai kayan da ke aiki, ba hoto a takarda ba.

Wani matashi ya ce: "Ina son haɗa robot sosai amma lissafi na ba ni wahala, zan iya?"

Ɗana ba zan yaudare ka ba, lissafin nan ba ya ƙarewa a aji ɗaya, yana bin ka har ranar fita. Don ka sa moto ya tsaya daidai inda kake so ba tare da ya wuce ya dawo yana karkarwa ba, sai ka rubuta halayyarsa da difarenshiyal, wato lissafin yadda abu ke canzawa, ka juya ta da dabarar lissafi ta Laplace, sannan ka saita PID, wato tsarin da ke gyara kuskuren motsin moton, wanda Ziegler da Nichols suka fitar da hanyar saita shi tun 1942 kuma har yau ana koyar da ita. Hannun robot ma matiriks ne tsagwaronsa, wato jadawalin lambobi, kowace gaɓa da nata mai layi 4 da ginshiƙi 4, bisa tsarin Denavit da Hartenberg na 1955. Amma wahala daban, ƙi daban. In wahala ce kawai, zauna da aljabara da tirigonometiri kafin a buɗe makaranta, za ka iya insha Allah. In kuwa ganin lamba ma ba ka so, nemi difloma ta aikin hannu, ita ma sana'a ce mai daraja.

Tambaya kan laftof: "MacBook zan saya ko wata?"

Wata. SolidWorks, manhajar zana sassan inji, a Windows kaɗai yake aiki, haka TIA Portal na Siemens da ake rubuta firogiram ɗin PLC da shi. Nemi mai RAM 16GB da SSD, ko ta hannu ce in dai batirinta da allonta lafiya lau. Kar ka biya kuɗin fitilu masu launi. Kuma kafin ka nemi MATLAB, manhajar lissafin injiniya, tambayi makaranta ko tana da lasisi, in babu ga GNU Octave a madadinta, da FreeCAD na zanen inji da KiCad na zanen da'ira, duk kyauta.

Wani kuma: "Zan sayi firinta 3D da jirgi mara matuƙi kafin in fara aji ɗaya don in fi sauran."

Ka fi su da me? Ba ka san dokar Ohm ba tukuna. Ajiye kuɗin iyayenka.

Sai wata ɗaliba 'yar aji biyu da ta ce ta sayi tarin kayan gwaji masu arha ta intanet, ta yi kwanaki tana fama da firojet ɗinta ya ƙi aiki, har ta fara tunanin ko ita ce ba ta da ƙwaƙwalwar karatun.

'Yata share hawayenki, akwai yiwuwar laifin ba naki ba ne ko kaɗan. Wannan maganar tana ci min rai, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Ɓarnar kayan jabu ga ɗalibi ta wuce asarar kuɗi. Ƙwararre in da'ira ta ƙi aiki ya san inda zai duba, ɗan koyo kuwa kansa yake fara zargi, ya goge firogiram ɗin da yake daidai ya sake rubutawa, ya kwance haɗin da yake daidai, ƙarshe ya koyi abin da ba haka ba ko ya karaya ya bar kwas ɗin gaba ɗaya, alhali wani mara tsoron Allah ne ya goge lambar wani cif ya buga wata a kai.

A bambanta tukuna. Arduino, ƙaramin allon lantarkin da ake rubuta wa firogiram ya sarrafa sensa da moto, tun da aka fara shi a Italiya a 2005 zanen allonsa a buɗe yake ga kowa, don haka allon da wani kamfani ya ƙera da sunansa na kansa ba jabu ba ne, halal ne, sau da yawa dai cif ɗin USB ɗinsa CH340 ne sai kin saka 'yar manhajar da ake cewa direba kafin kwamfuta ta gan shi. Jabu shi ne wanda ya yi ƙaryar abin da yake. Batirin 18650 na gaske daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3500mAh ba kuma nauyinsa wajen giram 45 ne, to duk wanda kika ga an rubuta 9900mAh a jikinsa ƙarya ce, ɗora shi a sikeli za ki ji shi sakayau. Kuma batirin litiyam ba abin wasa ba ne, yana kamawa da wuta, kar a caja shi ya wuce bolt 4.2, kar a bar shi a caji a tafi barci. Wayoyin nan masu launi da ake sokawa a buredbod, allon nan mai ramuka na gwada da'ira, kara musu maganaɗisu, in sun manne to ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, su ne ke sa moto ya ja wuta allon ya mutu ya tashi ba dalili. Cif ɗin rage bolt LM2596 na gaske yana aiki a 150kHz, na bogi da yawa a wajen 50kHz suke, in lab ɗinku akwai osiloskof, na'urar da ke nuna siginar lantarki a allo, ki auna ki gani da idonki. A 2014 ma kamfanin FTDI mai ƙera cif ɗin USB ya fitar da direban da ya hana kwaikwayon cif ɗinsa aiki, mutane da yawa a lokacin suka gane abin da ke cikin na'urorinsu ba na asali ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mita, wadda ake auna bolt da amfiya da ita. Ana buga CAT III, alamar cewa za ta jure wuta mai ƙarfi, a jikin mitar da in ka buɗe ta 'yar fiyus ɗin gilashi ce a ciki, wata ma babu fiyus ɗin sam. A bolt 5 na Arduino ba komai, amma ranar da yaro ya soka ta a wutar gida ko fanel na masana'anta yana kan saitin auna amfiya, tana iya fashe masa a hannu. Dan Allah ko komai za ku saya mai arha, banda mita. Ku nemi mai fiyus na tangaran, daga dillalin da zai karɓa in ta samu matsala.

Ke kuma 'yata, abin yi yanzu: cire komai, gwada kowane abu shi kaɗai. Auna wutar da ke shiga allon, kunna fitila ɗaya, karanta sensa ɗaya, ki kwatanta da detashit, wato takardar bayanin kayan daga kamfanin. Gwada firogiram ɗin a Tinkercad, shafin intanet da ke kwaikwayon da'ira, in ya yi a can ya ƙi a teburinki to kin san inda za ki nema. Ari irin kayan daga lab ki musanya ɗaya bayan ɗaya. Kuma nan gaba kar ki sayi akwatin sensa talatin da wani abu, biyar za ki yi amfani da su, sayi abin da malami ya ce a wannan semistar kawai, mai tsada ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu.

Ta ƙarshe: "Arduino ko Raspberry Pi?"

Fara da Arduino Uno R3. RAM ɗinsa 2KB ne kacal, wannan ƙarancin zai tilasta maka rubuta firogiram da tsari. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux, bar ta sai ka zo aikin kyamara ko ROS, manhajar tafiyar da robot. In Wi-Fi kake buƙata ɗauki allon ESP32, amma ka tuna ƙafafunsa na bolt 3.3 ne, kar ka ba su 5.